Riga Ba Ta da Rai

Masu karatu, ku yafe mini shirun da kuka ji. Na ga saƙonninku, masu tambayar ko an tsayar da magana, da masu tsokanar cewa na samu miji na manta da ku. Ban manta ba, hannuna ne ya ƙi riƙe waya. Wanda ya zo yau don ya sha dariya gara ya ajiye, domin abin da zan faɗa babu daɗi a cikinsa.

Ga waɗanda yau ne suka fara karanta ni: a motar asibiti nake aiki, mai jiniya. Idan mota ta buge mutum, ni ce wadda za ku ga ta diro daga baya da jaka a kafaɗa. Mu biyu ne a motar, ni da direbanmu, wani dattijo da kowa ke kira Kawu. Wanda zan aura kuma tela ne. A wayata ma haka na rubuta shi, Telana. Mama takan ce Allah ne ya haɗa mai ɗinki da mai yagawa, ko duniya za ta zauna lafiya.

Yagawar da take nufi ita ce aikin almakashina. Kullum yana aljihun cinyar wandon aikina, ko wanka zan shiga sai na san inda na ajiye shi. Ranar da Telana ya fara ganinsa a shagonsa ne. Ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya kwashe da dariya.

“Wannan shi ma hatsari ya yi? Ai ya karye a ƙugu.”

“Ba karyewa ya yi ba, haka aka lanƙwasa shi. Bakin zai kwanta a jikin mutum, hannuna kuma yana sama, ina ganin inda nake bi.”

“To tsinin fa? Almakashi babu tsini, ta ina zai shiga kusurwa?”

Na ce ya miƙo hannu. Na zura bakin ƙasa a cikin hannun rigarsa, na tura shi a kan fatarsa har gwiwar hannu. Bakin na ƙasa faffaɗa ne, dakusasshe, kamar bayan cokali. Ko ƙarzane bai yi masa ba. Na nuna masa ƙananan haƙoran da ke jikin bakin, masu kama yadi don kada ya zame ko da ya jiƙe sharkaf, da manyan zobban roba da yatsu ke shiga ko an sa safar hannu. Ya ɗauko wani tsohon bel na fata don ya kunyata ni. Almakashin ya ratsa shi kamar burodi.

“Kuma ta ina kuke yanka rigar?” in ji shi.

Na faɗa masa yadda malamar da ta koya mana aiki take faɗa, har da kwaikwayon muryarta: “Daga ƙasa zuwa wuya, ta tsakiya, kai tsaye. Ku buɗe ku ga mutum gaba ɗaya. Riga ba ta da rai.”

Ya dafe ƙirji. “Kada ki ƙara faɗin haka a shagon nan. Yadika suna ji.”

Daga bakin ƙofa aka yi dariya. Babansa ne. Shi ma tela ne a da, kafin idonsa ya yi rauni ya sauka daga kan keken ɗinki. Kullum yana kan benci a ƙofar shagon, duk rigar da aka gama sai an miƙa masa ya bi ɗinkin da babban yatsansa. In ya yi shiru, an ci jarrabawa. In ya ce “uhm”, a kwance a sake. Baƙin keken da Telana ke takawa nasa ne, kuma ban taɓa ganinsa a rufe ba. Na taɓa cewa ƙura za ta ɓata shi, a samo masa mayafi. Telana ya ce, “Mai rai ba a lulluɓe masa fuska. Ranar da kika ga keken nan a rufe, to na bar ɗinki.”

Tun ranar farko Baba ’yata yake ce mini. Ni da nawa uban ya rasu ina ƙarama, ba sai na faɗa muku yadda kalmar take sauka a zuciyata ba.

Da aka shirya ranar da za su zo gidanmu su gana da manyana, Telana ya ce zai ɗinka wa Baba rigar da bai taɓa ɗinka wa kowa irinta ba. Yadi shuɗi mai duhu, doguwa har ƙasa, aikin ƙirjin kuma da hannu, allura da zare, babu inji. Makonni ya yi a kai. Hotuna yake turo mini kullum: “Kin ga inda na kai.” “Yau allura ta sha jinina.” “Baba ya shafa, bai ce uhm ba!” Wannan na ƙarshen har da alamar kuka da ta dariya ya jera.

Ranar ta zo. Da yamma za su iso. Tun da sassafe Mama ta tayar da gidan, an janye kujeru an share ƙarƙashinsu, an ciro kofunan gilashin da ke kulle a kabad tun ina firamare, an canza labulen falo. Kayana suna shimfiɗe a kan gado, ruwan hoda mai ɗan ƙyalli a hannu, takalmin yana ƙasa a cikin kwalinsa. Sai ga ni na fito da kayan aiki.

Mama ta tsaya da tsintsiya a hannu. “Ina za ki?”

“Abokiyar aikina ce ba lafiya, Mama. Na safe kawai zan riƙe mata, kafin azahar na dawo.”

“Yau? Yau ɗin nan? Ke wai wace irin yarinya ce? Mutane za su zo ganinki, ki dawo musu kina warin asibiti?”

“Zan yi wanka.”

“Wanka! Na faɗa miki, aikin nan ba na mai shirin aure ba ne. Mace tana yawo da almakashi a cinya tana yage wa maza kaya a titi. Su sun yi shiru ne don kara, amma kowa da idonsa.”

Na ce ta sa mini albarka. Ta ce Allah ya shirye ni, wanda a bakin Mama shi ne albarkar. Ina fita saƙonsa ya shigo: “Baba ya riga ya saka rigar. Na ce ya bari sai yamma, ya ce sai abokansa sun gani. Kamar yaro.” Na tura masa dariya, na jefa wayar a jaka.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da aka kira mu. Mota ta kaɗe wani dattijo a shataletalen da ke gaban kasuwa. Kawu ya kunna jiniya. Ina baya ina sa safar hannu, ina tunanin ko zan samu lokacin gyara gashina.

Kun san yadda taron hatsari yake. Mutane cirko-cirko, kowa ya ɗaga waya, mai taimako ɗaya, masu ba da shawara ɗari. Kawu yana ture su yana cewa a ba da hanya. Ban fara ganin fuskar ba. Rigar na fara gani. Aikin ƙirjin nan da na san kowane lanƙwasa nasa daga hotuna, ga shi kwance a kan kwalta.

Baba ne. Amma ƙafafuna sun san aikinsu, suka kai ni na durƙusa a damansa.

Idonsa biyu. Numfashinsa gajere, leɓensa ya yi fari, gumi ya rufe masa goshi. Babu jini a fuska, babu a hannu. Rigar kuma duhunta ya ɓoye komai, ba ka gane jiƙa daga inuwa. Na kira shi. Ya juyo da ido yana neman muryar.

“’Yata? Ke ce?”

“Ni ce, Baba. Kada ka motsa. Ina ke maka ciwo?”

“Ko’ina.”

Na zaro almakashi, na kama gefen rigar na ƙasa, daidai tsakiya, na zura bakin. Ya ji sanyin ƙarfen a ƙafarsa. Tsohon tela ne, ya san abin da ke shirin faruwa. Ban san inda ya samo ƙarfin ba, ya damƙe wuyan hannuna.

“Kada ki ɓata wa yaron nan aikinsa,” ya ce. “Bi ɗinki, ’yata. Ta gefe.”

Masu karatu, mutane nawa ne suka roƙe ni kada in yanka musu kaya? Mai sabon wando, mai rigar aro, mai kunya. Amsata ɗaya ce, in ce su yi haƙuri, kuma kafin su rufe baki na kai wuya. Amma wannan ’yata ya ce. Hannuna ya bar tsakiya ya koma gefe.

Na bi ɗinkin dama, daga ƙasa zuwa hammata. Ɗinkin Telana ne, ninki biyu, an danne shi da kyau, kuma almakashina ba a yi shi don bin layi ba. Bakinsa ba shi da tsinin da zai tsinke zare ɗaya-ɗaya, sai da na riƙa lallaɓawa. Na kai hammata, na bi hannu, na ɗaga. Dama lafiya lau, ko ƙujewa babu. Rigar kuma har yanzu tana rufe da hagunsa, wuyan ya riƙe ta. Da ta tsakiya na bi, da tuni na ga jikinsa duka a buɗe.

Na zagaya ta kansa na koma hagu. Gwiwata ta sauka a cikin ɗumi. Jini ne, ya taru a ƙarƙashinsa, yadin ya shanye wanda zai iya, sauran yana bin kwalta ta inda ba na gani. Na yanka wannan gefen ma, na yaye gaban rigar gaba ɗaya. Raunin yana ƙasan haƙarƙari, cikinsa ya yi tauri kamar katako. Na cusa bandeji na danne da nauyina duka, na ƙwala wa Kawu kira ya kawo gado.

A cikin mota ina danne da hannu ɗaya, ina kiransa. Ya amsa sau ɗaya. Daga nan bai ƙara ba. Mun shiga da shi ɗakin gaggawa da sauran numfashi, suka wuce da shi tiyata a guje. Ina tsaye a baranda, wandona ya manne a gwiwa, lokacin da likita ya fito yana cire hular kansa. Ya ce saifa ce ta fashe, jinin da ya zuba a ciki ya fi wanda muka gani a waje.

Na ce, “Likita, da mun iso da wuri kaɗan fa?”

Ya yi mini irin kallon da mu ma muke yi wa ’yan uwan majinyaci. “Allah kaɗai ya sani. Kun yi ƙoƙari.”

Na tsani kalmar nan. Ni ma na sha faɗinta.

Telana ya iso da tef ɗin awo a wuyansa, ko cirewa bai tuna ya yi ba. Bai yi kuka a wurin ba. Wata nas ta miƙa masa leda, rigar ce a ciki. Ya karɓa ya rungume, ya dube ni, ya ce, “Ke ce kika ɗauko shi?” Na ɗaga kai. Ya ce, “Gara ke.” Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da na koma gida kayana suna nan a kan gado yadda na bar su. Mama ta mayar da kofunan gilashi kabad, ɗaya bayan ɗaya.

Ana wata ga wata. Kafin a share makoki hoton bidiyo ya zagaya wayoyi. Wanda ya ɗauka daga nesa ya tsaya, ba a jin magana, sai dai ga ni ina yaye riga daga jikin dattijo a tsakiyar titi. Gwaggon Telana, ƙanwar Baba, ta turo wa Mama saƙon murya. Mama ta kunna a gabana, ta ajiye wayar a hannun kujera.

“A ce yarinyar da za ta shigo gidanmu ita ce ta tuɓe yayana a bainar jama’a? Ba ta iya kiran namiji ba? Ko mayafi ba ta rufa masa ba. Idon nan nata babu kunya a cikinsa, mun gani, duniya ma ta gani.”

Mama ta kashe. “Kin ji ko? Abin da nake gudu kenan. Ki ajiye aikin nan, in samu bakin zuwa ba su haƙuri.”

Me zan ce? Duk garin suna zagina a kan na yanka da yawa. Ni kaɗai na san ban yanka yadda ya kamata ba.

Na ce ni kaɗai, amma na manta wanda zan aura.

Kwanaki ya yi bai kira ba. Ina tura gaisuwa, alama tana nuna ya karanta, babu amsa. Sai jiya da la’asar aka yi sallama. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, ledar tana hannunsa. Mama ta yi masa ta’aziyya ta shige ciki, amma na san tana bayan labule.

Bai zauna a kujera ba. Ya durƙusa a tsakar falo, ya ciro rigar ya shimfiɗa a kan kafet, ya miƙar da hannuwanta. Ya wanke ta, ya goge, ya mayar da ɗinkin gefe biyun. Aikin ƙirjin yana nan lafiya, ko zare ɗaya bai tsinke ba. In ba ƙaramin ramin da ke hagu ba, ka rantse ba a taɓa sa ta ba.

“Kin gani?” ya ce. “Ban sha wahala ba. Layin tsohon ɗinkin kawai na bi.”

Ya shafa ɗinkin da yatsa, ya ci gaba.

“Maganar su Gwaggo ba ta dame ni ba. Ba su san komai ba. Amma ni tela ne, in aka yanka yadi ina karanta hannun da ya yanka.” Ya ɗora yatsa a ƙasan rigar, daidai tsakiya. Akwai ɗan tsagi a wurin, bai kai tsawon farce ba. “Nan kika fara. Sai kika fasa. Daga ƙasa zuwa wuya, ta tsakiya, kai tsaye. Ba haka kika ce mini ba? Riga ba ta da rai. A shagona kika faɗa, a gabansa.”

“Haka ne.”

“To me ya sa kika bi ɗinki?”

Gaba kura, baya sayaki. In na faɗa masa abin da Baba ya ce, na wanke kaina, amma na ɗora masa cewa babansa ya kashe sauran numfashinsa wajen kare aikin allurarsa. Mutumin da ya yi murna kamar yaro don Baba bai ce uhm ba, ta yaya zai ƙara zura zare? In kuma na ɓoye, ni ce matar da ta fifita yadi a kan ran ubansa, kuma babu mai auren wannan matar.

Na kalli yatsunsa a kan rigar, duk tabon allura. Na ce, “Ni ce. Na ga aikin na ji tausayinsa. Hannuna ne ya ƙi.”

Ya naɗe rigar a hankali, hannu a kan hannu, yadda yake naɗe wa masu kaya. Ya miƙe. A bakin ƙofa ya sa takalmi ya fita.

Mama ta fito daga bayan labule. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta zauna kusa da ni ta jawo kaina kan cinyarta, na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Ina kuka ina gaya wa kaina cewa aƙalla na tsirar da abu ɗaya. Na rasa Telana, amma shi bai rasa hannunsa ba.

Yau da safe ina ɗaure igiyar takalmin aiki saƙo ya shigo. Telana.

“Na je na yi wa Kawu godiya. Ya ce Baba ya riƙe hannunki ya yi magana kafin ki fara yanka, amma hayaniya ba ta bar shi ya ji ba. Me ya ce miki?”

Na zauna a bakin gado. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ƙarya ba zan yi wa mamaci ba. Gaskiyar kuma tana da tsini. Na nemi wadda za ta kwanta a jikinsa ta wuce ba ta huda ba, na tura:

“Cewa ya yi yaronsa ya iya aiki.”

Ya karanta nan take. Wayar ta nuna yana rubutu, ta daina, ta sake nunawa, ta sake dainawa. Kawu yana waje yana danna mini hon.

Sai hoto ya shigo. Cikin shagon ne, ga bencin Baba a jingine da bango. Ga keken a inda yake, an lulluɓe shi da shuɗiyar rigar, aikin ƙirjin yana sama. A ƙasan hoton ya rubuta:

“Baba bai taɓa yabon ɗinki da baki ba. Na san abin da ya ce. Kin yi ƙoƙari.”

Na kira. Wayar a kashe take.